Gwaggo Tumba da Ƙodata Ɗaya

Duk wanda ya san Gwaggo Tumba ya san ba da baki take gaishe ni ba, da babban yatsa ne. Ko a ina ta ritsa ni sai ta durƙusa, ta yaye ƙafar wandona, ta danna ƙwaurina da ƙarfin tsiya, ta zuba ido ta ga ko wurin zai lotsa. In bai lotsa ba sannan ta miƙe ta ce, "To Babana, an kwana lahiya?" Babana take ce mini saboda sunan mahaifinta na ci. Ku duba mini wannan lamari don Allah: tana kirana ubanta, tana yaye mini wando a tsakiyar kasuwar Gusau, ga mata masu sayen atamfa cike da shagona.

Yaran cikinku ba su san mafarin abin ba. Ina ƙarami ciwon daji ya kama mini ƙoda. Mahaifiyata na da goyo, sai Gwaggo, yayar babana, ta kife kaskon ƙuli-ƙulinta a Tsafe ta tare da ni a asibiti a Zariya, har aka cire ƙodar, aka yi ta ɗura mini magani gashina ya zube. Ranar sallama likita ya ce mata yaro ya warke, amma ƙoda ɗaya ta rage masa, kuma irin maganin nan yakan taɓa jiki bayan shekaru. Don haka duk shekara a auna jininsa, a gwada fitsari, a lura da kumburin ƙafa, har ya tsufa. Wannan "har ya tsufa" ita ta ja mini bala'i, don Gwaggo ta riƙe ta kamar farilla.

Ita ta sa wa kanta lokaci, wai bayan Babbar Sallah, lokacin da na cika ciki da soyen nama da gishiri. Da safe sai in ganta ta sauko daga motar Tsafe da wata kwalba ƙulle a bakin zane.

"Gwaggo, asibiti fa suna da kwalbarsu."

"Ka san wa yay yi a cikinta kahin kai?"

Wata shekara na ce ciniki ya buɗe, a bari sai wani satin. Ta ja benci ta zauna a ƙofar shago, duk wadda ta doso sai ta tare ta da fara'a: "Yi haƙuri ɗiyata, yau babu ciniki, Alhaji za shi kai hitsari." Kafin azahar layin 'yan yadi kaf ya ji. Har yau akwai ɗan banzan da in ya ga na rufe shago da wuri sai ya ɗaga murya ya ce a gaida likita.

Wanda ban yafe da wuri ba shi ne na Bungudu. Matan gidanmu suka kai lefen Rabi, wadda ita ce matata yanzu, ana buɗe akwati ana guɗa, sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ku dakata da guɗar nan. Ɗanmu ƙodarshi guda ce. Ku sani tun yau."

Ba ta tsaya nan ba, ta ce a ɗebo mata miyar da amarya ta dafa da hannunta. Ta lasa, ta ɓata fuska, ta ce wannan gishirin ko rijiya aka zuba wa sai ta ƙafe. Sai da baffannina suka yi ta zarya tsakanin Gusau da Bungudu kafin maganar aure ta dawo kan hanya. Na tafi Tsafe raina a ɓace, ina huci.

"Gwaggo, so kike in mutu gwauro?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga matsar tunkuzar ƙuli-ƙulinta. "Wadda za ta gudu don ƙoda guda, ko huɗu gare ka gudu za ta yi."

Abin haushin, ita da ke mini wa'azin gishiri, da hannu take barbaɗa shi a tuwo, ta kora da goro. In mun je asibiti ana ɗaura mini abin awon jini a dantse, sai ta tsaya a kan ma'aikaciyar tana cewa a ƙara matsewa. Na sha cewa, "To ke ma miƙo hannun a auna ki mana." Sai ta naɗe hannuwa cikin mayafi. "Ni wa yay yanka ni? Mota mai lahiya ba ta zuwa gareji." Na kawo limamin unguwarsu ya yi mata magana. Ta ba shi ƙuli-ƙuli, ta tambaye shi lafiyar iyali, ya tafi.

To, kun san abin da ya faru Sallar bana. Ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Muka kwantar da ita a asibiti a Gusau. Ina ta kai da kawo, wa ke tuna wani awo? Ni kuwa garau nake jin kaina.

Sai kawai ta datse haƙora. Koko ta ƙi, magani ta ƙi, ruwa ma sai ta kawar da kai. Ma'aikata suka lallasa, 'ya'yanta suka yi kuka, ko gezau. Hannun da ya rage mata take ɗagawa ta nuna ni, ta nuna ƙofa. Na ɗauka korata take yi. Rabi ce ta gane.

"Awonka take nufi. Sallah ta wuce ba ka je ba."

"Haba Gwaggo! Ke ce a kwance fa. Ki sha maganinki, in kin samu sauƙi mu je tare."

Ta juya fuska ga bango. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba, tsohuwa tana wasa da ranta a kan ɗan jinin da za a ɗiba. Na fita fuuu, na bi layi, aka ɗebi jini, na ba da fitsari. Na dawo na miƙa mata hannu da audugar a manne. Kun san me ta yi? Ta jawo hannun ta shinshina audugar, ko na sayo ta a kemis ne don in yaudare ta. Da ta ji warin asibiti sannan ta buɗe baki Rabi ta ba ta koko.

Kafin sakamako ya gama fitowa Allah ya karɓi abarsa. Bayan sadakar uku na je na karɓa. Likita ya ce jinina ya hau, ƙodar ta fara gajiya a ɓoye, amma an zo a kan lokaci, magani zai riƙe ta. Ya ce da na tsallake bana, wata maganar za mu yi.

Na fito na tsaya a bakin ƙofar asibiti, haushi ya sake turnuƙe ni. Shekara da shekaru matar nan tana kunyata ni a gaban jama'a, ranar da gaskiyarta ta fito kuma ba ta tsaya ta ce "ban hwaɗa maka ba?" Da ma na ji wannan gorin daga bakinta ko sau ɗaya ne.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tumba, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta hana idonta barci a kaina, Allah ya sa ta huta a kabarinta. Amin.