Gonar Bara'atu da ba ta da iyaka

Duk wanda ya san Kibiya ya san Bara'atu Abdurrahim, ko don daurin bini-da-zugun da ba ya rabuwa da bayan motarta. Itacen nan da ake kafawa a iyakar gona shi ne makaminta.

Malamar ajin yaƙi da jahilci ce a Fassi lokacin da wata ɗalibarta, Zulaiha, ta zo mata da kuka. Mahaifinsu ya rasu, 'yan'uwa maza sun ce za su riƙe mata kasonta na gona, duk kaka su aiko mata da dami ɗaya na dawa. Dami ɗaya fa, ga ta da marayu biyar da mijinta ya bari! Bara'atu ta ja ta har gaban alƙali, aka auna kason, ta kafa bini-da-zugu da hannunta. Shekara goma sha tara tana wannan aiki daga Unguwar Gai har Yalwa ta Rano. An zage ta, an ce mai raba zumunci ce, ko a jikinta. Da zaɓe ya zo mata suka fito kwansu da kwarkwatarsu, ta zama kansila.

Ƙuduri ɗaya ta shiga majalisa da shi: duk rabon gadon gona, a auna kason mace a gabanta, a kafa iyaka ranar. Ran Litinin da ake muhawara, Muntari Ɗantsoho, kansilan da ya fi kowa adawa da ita, ya miƙe yana murmushi.

"Hajiya, shekara ashirin da biyu da rasuwar mahaifinku. Ina iyakar taki gonar?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da ta shige. Gaskiya ya faɗa, mugun. Su biyu mahaifinsu ya bari, ita da yayanta Isiyaku, kuma shi yake nome gonar duka, duk kaka ya aiko mata da dami biyu. Shi ya riƙe ta, shi ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatu, har yau Auta yake kiranta. Da wane baki za ta ce ya ba ta kasonta? Aka ɗage ƙuri'a zuwa Alhamis, kuma ta sani sarai, in ta dawo hannu rabbana ƙudurin ya mutu.

Ran Laraba da hantsi ta sami Isiyaku yana sharar gona, don damina ta kusa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta tambayi iyali, ta tambayi shanu, ta sake tambayar iyali. Matar da ta tsaya gaban alƙalai ba ta ko ƙifta ido ba, ga ta nan tana ta kewaye-kewaye. Maganar majalisa kuwa ta riga ta zuwa. Isiyaku ya dubi daurin itacen da ke bayan motar, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ya taɓa barin ta da yunwa. Ta ce a'a, Yaya. Ya ce to mene ne? Ta ce ba za ta iya sa 'ya'yan mutane su yi abin da ita ta ji kunyar yi ba.

Ya aika aka kira mai unguwa, aka ja igiya, aka fitar da sulusinta, ɓangaren da ke da dorawa biyu. Ya karɓi itacen ya kafa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, bai bari ta taɓa ba. Da ya gama ya karkaɗe hannu.

"Ga gonarki nan, ranki ya daɗe."

Yau babu Auta; kalmar nan ta fi mata zagi ciwo. Ƙudurin ya wuce ran Alhamis da ratar ƙuri'a ɗaya tak, mata suka yi ta guɗa a bakin sakatariya, ita ko murmushin yaƙe kawai take yi.

Da kaka ta yi, kasonta ya ba da dami ashirin da uku, har ta rasa inda za ta zuba. Amma duk amalanken da ya biyo layinsu sai ta leƙa. Dami biyun Yaya Isiyaku take jira, kuma ba su zo ba.