Hannunsa a Kan Gwiwata

Jiya na canza batirin motata a Funtua. Da na tayar da ita sai ta kama karkarwa, ƙafata ta nufi totur. Nan take na tuna tsohon makanikenmu na Malumfashi, Allah ya ji ƙansa.

Shekarun baya motar nan ta riƙa mutuwa duk inda na tsaya, ga shi washegari zan kai mahaifiyata asibiti. Hankalina ya tashi, ina ta hango mu a tsakiyar hanya, tsohuwa na kwance a baya. Na kai wa tsohon ita, ya cire kan batir, muka zauna a benci, ya ce a bar ƙwaƙwalwar motar ta manta tsohon saiti. Da ya mayar, ya ce in tayar, kada in taɓa komai.

Inji ya yi ta sama da ƙasa kamar zai ɗauke. Na kai ƙafa totur. Sai na ji hannunsa mai kaushi, mai warin baƙin mai, a kan gwiwata.

"Malam, ɗaga ƙafarka. Silo take koyo, yadda inji zai riƙe kansa ba totur. In ka taya ta, ba za ta iya ba."

"Baba, in ta mutu fa?"

"Sai mu sake tayarwa. Kai ai ka fi motar karkarwa."

Muka jira har fankar inji ta juya, ƙarar ta daidaita. Washegari muka je asibiti muka dawo, ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

Jiya ma na janye ƙafata, na jira, ta daidaita. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi natsuwa irin wadda ya ara mini ran nan.