Ƙullin Gidanmu

Innarmu ba ta yar da ƙyalle. A ƙauyenmu da ke gefen Gatawa tela ɗaya ne, katangarmu ɗaya da shi, kuma duk abin da almakashinsa ya rage Inna ce ke kwashewa. Ba ta karɓa sai ta tambayi na wane ne. Sai ta yanka shi dogo-dogo, faɗin yatsu uku, ta naɗe kamar gammo, ta ɗaure na kowane gida daban da zare. Akwatin ƙarfe ne ma'ajiyarsu, da busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa saboda gara. In sanyi ya matso sai ta haɗa su ta ɗinka mayafi, ta aika wa gidan da ƙyallen ya fito.

Ni aikin nan haushi yake ba ni, don ni ce mai naɗi. Na sha ce mata a haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi, mayafin ya fito da kyau. Mayafan Inna kuwa, Allah na tuba, in ka kalle su sai idonka ya yi ruwa: atamfar amarya kusa da yadin liman. Ita ko a jikinta. Takan ce kowa ya rufa da nashi, ya fi ɗumi.

Yayana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Fatauci yake yi a babur, yana kai kaya Nijar yana sarowa. Da wata Sallah ya zo da yadi daga can, ruwan toka mai siririn layi kore, irin da babu mai shi a garin. Tela ya ɗinka masa riga, ni na naɗe ragowar na sa a ƙullin gidanmu.

A shekarar da hanya ta lalace, ya fita zuwa kasuwar Sabon Birni bai dawo ba. Masu ɗaukar mutane sukan kira waya neman kuɗin fansa, shi ba a kira ba. Muka yi ta jira har gero ya fitar da kai. Matarsa tana nan tare da mu da goyonta, ba mai aure ba, ba mai takaba ba. 'Yan'uwanta suka zo daga Tozai za su tafi da ita, Inna ta ce ai mijinta na hanya.

Wata rana da hantsi liman da mai unguwa suka yi sallama a zaure. Wasu manoma sun tsinci gawa a bakin fadama, ta daɗe har ba a gane fuska, sun rufe ta a nan inda suka gan ta. Sai dai sun yanko hannun rigar. Gidaje da dama na da wanda ya ɓace, kuma kowa ya san akwatin Inna.

Na ɗauko mata shi. Ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, ta ajiye guntun rigar a gabanta. Ƙasa ta ci shi, amma layin kore yana nan. Tun kafin ta taɓa shi na gane yadin.

Ta fara kwance ƙullin gidaje ɗaya bayan ɗaya, tana warware kowane naɗi, tana karawa, tana mayarwa. Har na gidajen da ba su rasa kowa ba sai da ta kwance. Namu kuwa tun da fari ta zare shi ta tura ƙarƙashin cinyarta. Ina kallo. Da ta gama ta rufe akwatin.

"Malam, babu shi. Wagga riga ba ta garinga ba ta."

Liman ya ce, "Kin duba duka, Inna?"

"Na duba."

Ya yi wa mamacin addu'a, muka shafa, suka tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in fizge ƙullin in warware a gabansu, amma na ga yadda ta danne murfin akwatin da hannu, sai na kasa. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, don da bakinta ta ɗaure yarinyar mutane.

Na sami matar Yaya a madafa tana tankaɗe. Ina neman ta inda zan fara, sai ta riga ni.

"Kak ki wahal da kanki. Na hango ta daga ƙofa. Ni nike wanke rigag ga."

"To mi za ki yi?"

"Za ni yi abin da Allah yac ce. Ba sai ta faɗi ba."

Washegari ta fito ba kwalli, ba 'yan kunne, ta zauna a bakin ɗakinta tana jan carbi. Matan makwabta suka fara leƙowa suna komawa, ba wadda ta san ko ta yi gaisuwa. Inna tana shara, ta zo daidai gabanta ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kunnuwan nan. Na ajiye tulu, don na ɗauka faɗa za a yi.

Inna ta jingine tsintsiya ta shiga ɗaki. Ta fito da tsohon zanenta mai duhu, wanda ta yi takabar babanmu da shi, ta ɗora mata a cinya.

"Wanga da kike ɗaure da shi ya yi ado da yawa, ɗiyata. Canza."

Daga nan ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.