Firigon da Na Saya Sau Biyu

A shekarar da ƙanena ya yi aure a Guna na sayi firigo sau biyu, kuma har yau ban sha ruwan sanyinsa ba.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ke nan, a Zinder, wato Damagaram. Ni kaɗai ne mai albashi a gidanmu, sauran duk manoman gero da gyaɗa ne, don haka in na je ƙauye akwai tabarmar da ake shimfiɗa mini wadda ba a shimfiɗa wa kowa. Tabarmar nan ce ta ja mini. Ranar da aka zauna maganar biki, ina kanta na harɗe ƙafa, sai na ji bakina yana cewa shinkafa da mai da rumfa duk a bar mini. Baffannina suka yi ta sa albarka. Sai da na shiga motar komawa gari na lissafa abin da bakin nan ya ɗauko mini: jika ɗari da tamanin, wato sefa dubu ɗari da tamanin, ni kuwa ko jika goma babu a aljihuna.

Abin haushin shi ne kuɗin suna nan cikin ɗakina. Matata tana adashe da matan unguwa, kuma tun da muka yi aure duk kwasar da ta yi ni take miƙa wa, ko ƙirgawa ba ta yi, in sa a akwatina. A watan ta kwashi jika ɗari biyu. Amma ni, mushe guda, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, in buɗe baki in roƙi kuɗin adashen mace? Girman kai ya ce sam.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wajen wani Alhaji a lungun bayan kasuwa. Shagon ba komai sai benci da tebur da wani farin firigo dogo, irin mai kwanciya kamar akwati. Alhaji ya fara da wa'azi. Ya ce shi ba ya ba da rance, kuɗin ruwa haramun ne, ko warinsu ba ya so. Shi ciniki yake. Zai sayar mini da firigon nan jika ɗari uku, in riƙa biyan talatin duk wata har wata goma, katina na banki ya zauna wajensa don kada in wahala da zirga-zirga. In kuwa kuɗi hannu nake buƙata, to an yi dace, a shagon da ke manne da nasa akwai dillalin da ba abin da yake so a duniya kamar firigo, yana saye jika ɗari da tamanin nan take. Dillalin ya leƙo. Hatta wushiryarsa irin ta Alhaji ce.

Na sa hannu a takarda. Alhaji ya ce in dafa firigon don ciniki ya inganta, na dafa. Gwargwadon shan kofin shayi ɗaya na yi ina da firigo, sannan ya zama na dillali, ko motsa shi ba a yi ba. Na fito da kuɗi a aljihu ina jin kaina mai wayo, don ni a ganina ban ci bashi ba, kasuwanci na yi.

Biki ya yi kyau, an ci shinkafa har an raba wa maƙwabta. Kwana biyu da dawowarmu matata za ta wanke babbar rigata ta ci karo da takardar, ita kuwa ta yi lakwal daidai yadda za ta karanta abin da zai kashe ni. Shekara da shekaru tana burin firigo, ta riƙa sayar da zoɓo da ƙanƙara lokacin zafi, wanda a Damagaram kusan shi ne duk shekarar. Na dawo na tarar da ita idanu jawur don murna. Ta durƙusa ta yi godiya, ta ce ashe ɓoye mata na yi don ta gani kwatsam. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na gyara murya na ce ai ba komai, ana nan kawowa.

Washegari ta karɓi kuɗin adashenta. Ta kira mai gyaran wuta ya ja sabuwar waya, ta sayi buhun sukari da na zoɓo da kuloli biyu da leda kamar za ta ɗaure ruwan garin duka. Aka matsar da gado. Wata maƙwabciya har ta kama wurin ajiye naman layya, alhali da sauran wata biyar. Ni kuma mako uku ina ƙera ƙarya: yau direba ba lafiya, gobe an yi wa Alhaji rasuwa. Da na ga na kusa ƙarar da dangin Alhaji, sai na koma.

Firigon na nan inda na bar shi, dillali ya riga ya sayar wa Alhaji. Na sake saye, bashi ya koma jika ɗari shida, wata ashirin. Ina ajiye biro sai ga dillali mai wushirya da kuɗi a hannu. Na ce a'a, yau da kayana zan tafi, ga mai amalanke can yana jira. Alhaji ya cire tabarau.

"Ina za ka kai shi, mushe?"

"Gida."

"Shekara nawa ana sayen firigon nan, ba wanda ya taɓa yi masa wannan wulaƙanci."

Ya lallashe ni, ya ƙara mini jika biyar a kan tayin dillali, ya ce nauyi gare shi. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce lissafi nake koyarwa, na san abin da na saya nawa ne. Da ya ga mutane sun fara taruwa sai ya buɗe murfin ya shiga fitar da kayansa: buta, darduma, takalman Juma'a, da ƙullin katunan banki ɗaure da roba. Ni da mai amalanke muka ɗaga shi cak kamar kwali. Na ce wa mai amalanke haka na zamani suke.

Hanyarmu ta bi ta ƙofar lakwal daidai lokacin tashi. Malamai suka fito suna kallo kamar sun ga wani dattijon da aka daɗe ana jinya a ɗaki. Diraktanmu ya shafa murfin a hankali, ya ce sau uku yana sayensa, bai taɓa ganinsa a rana ba.

A gida mata sun cika tsakar gida, har da guɗa. Mai gyaran wuta ya jona. Shiru. Muka ce kuran ne, wato wutar lantarki, aka ɗauke, sai ga fanka tana juyawa a kanmu. Ya zagaya baya ya kwance marfin ƙasa, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Inda inji ya kamata ya zauna ba komai sai yanar gizo da tsohon silifa ƙafa ɗaya. Mata suka fara tuna sun bar tukunya a wuta.

Da gida ya watse na faɗa mata duka, tun daga tabarma. Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dubi buhun sukarin, ta dube ni.

"Malam, kuɗin fa suna cikin akwatinka. Da ka ce in ba ka, da na ba ka."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Takardar Alhaji cewa ta yi firigo ɗaya, ba ta ce mai sanyi ba, don haka wata ashirin cur ana yankar albashina. Dillali ya zo har gida zai fanshe shi, matata ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan mako guda aka ce Alhaji ya ajiye keken ɗinki a gurbin. Zoɓon kuwa ta yi shi, da ƙanƙarar da take saye a wata unguwa, kuma da ribarsa muka ci tuwo a watannin nan.

Firigon yana nan a ɗakinmu. Ta sa maƙeri ya yi masa ƙarfen kwaɗo, a ciki take ajiye kuɗin adashenta. Makullin yana ɗaure a haɓar zanenta, kuma tun ranar ban sake sanin watan da take kwasa ba.