Malam Illo da Baƙin Allonsa

Duk wanda ya yi aiki a buron lafiya, wato ofishin lafiya, na Konni a ƙarshen shekarun casa'in ya san Malam Illo ba ya taɓa ɓeran ordinatar, wato kwamfuta. Ranar da aka kawo na'urar ya naɗe ɓeran da wutsiyarsa, ya jefa a aljihun tebur, ya ce shi ba mage ba ne. Allo baƙi ƙirin yake buɗewa, ya rubuta umarni da yatsu biyu, na'ura ta bi shi kamar raƙumi da akala. Ni Rabi, sakatariyar buron, da idona na gani.

Bazarar da sanƙarau ya shigo mana, ɗiyata Hadiza tana wurin kakarta a wata tunga kusa da Tajaye, kuma an riga an binne yara biyu a maƙwabtansu. Motar allurar rigakafi za ta bar Yamai da azahar, ƙauyukan da sunansu ya isa can kawai za ta bi. Jerin sunayen yana hannunmu a Konni, da hantsi.

Malam Illo ya zauna, ya gyara hula, ya rubuta ping, wato ƙwanƙwasa ƙofar na'urar Yamai a ji ko tana nan. Na ce, "Malam, don Allah aika kawai!"

"Madam Rabi, ke kina shiga gidan mutane ba sallama? Sau ukku aka yi, in ba a amsa ba a koma."

Ya yi sau uku, ba a amsa ba.

Shugabanmu, da muke kira Mushe Diraktar da Faransanci, ya ce layi ya lalace, a sa jerin a faifan disket a ba direba ya kama hanya. Malam Illo bai ko ɗago kai ba.

"Shi isa bayan magariba, shi ba wa? Mai gadi?"

Sai ya rubuta traceroute, wanda ke lissafo kowane zango da saƙo ke yada kafin ya isa. Zango na fari ya amsa, na biyu ya amsa, na uku ma haka, na ƙarshe shiru. Ya katse layin, ya ɗauki tarho ya kira babban injiniyan Yamai, mutumin da ya yi karatu a Turai.

"Mushe, hanya lahiya lau take har ƙohwarku. Duƙa ka dibi bayan tebur."

Muka ji ana jan kujera. Can injiniya ya dawo da ƙaramar murya: wani ne ya zare wayar na'urar ya soka ta fanka, saboda zafi. Daga Konni fa, mutumin da ko tabarau ɗinsa da zare yake ɗaure ya hango bayan teburin Yamai. Diraktar ya cire hularsa ya mayar.

Saura aikawa. Layinmu kuwa ba ya minti biyar bai yanke ba. Malam Illo ya yayyanka jerin gida tara, ya ce tsohuwa ba ta haɗiye malmala guda, ya dinga tura su ɗaya bayan ɗaya da ftp, umarnin aika fayil. Layi ya yanke, ya sake kira, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na tara na wucewa Diraktar ya yi hamdala, ya miƙa hannu zai kira Yamai a saki mota.

"Aje tarhon nan, Mushe."

Malam Illo ya jero girman kowane yanki a can da nan, yana bi da yatsa. Na bakwai ya isa da gutsure.

Diraktar ya ce, "Illo, an kusa kiran salla! Ɗan abin da ya rage, a bar shi mana."

"Wanga ɗan abu mutane na. Ban san ko su wa ba, amma ba ni barin su bisa hanya."

Sau huɗu yana sake tura na bakwai layi na yankewa, gumi na ɗiga daga gemunsa. A na biyar lissafi ya yi daidai, ana kiran azahar. Da na koma teburina na buɗe yanki na bakwai, na bi sunayen da yatsa. Tungayen Tajaye ne a wurin da ya gutsure, har da tamu.

Bayan kwana uku aka yi wa Hadiza allura. Na soya masa zabi biyu na kai, ina kuka ina godiya. Ya leƙa kwanon ya ce, "Zabi na amsa. Kukan kuwa, kai ma injiniya, shi ad da fankar busar da hawaye."

Yau Hadiza 'ya'yanta huɗu, Malam Illo kuwa ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya Allah, bawanka ya ƙi barin mutanen da bai sani ba a kan hanya. Kada Ka bar shi a hanya, Ka isar da shi Aljanna. Amin.