Malam Nasiru da Manoman da Ba Su da Waya

Ina cikin motar Ɗambatta ƙanen Malam Nasiru ya kira ni ya ce Malam ya rasu da safe. Na yi salati, na sauka tun ban kai inda za ni ba.

Shi ya koya mini rubuta manhaja. Tare muka gina wadda ake raba wa manoman rani na wajen Watari ranakun ban ruwa da ita. Mutum ne mai sanyin hali, amma akwai abin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: bayanin da zai iya yiwuwa akwai shi ko babu, kamar lambar wayar manomi. A yaren kwamfutar da muke rubutu da shi, in ka liƙa wa irin wannan bayanin alamar motsin rai, ka rantse wa na'ura ke nan cewa lallai yana nan. In ta duba ta tarar babu, manhajar ta mutu nan take. Duk inda na sa alamar sai ya goge ya ce, "Bello, ka leƙa rumbun nan kuwa kafin ka rantse da hatsi a ciki?" Yakan kuma ce, "Wanda ba shi da waya ma gonarsa tana jin ƙishi."

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yan kamfani daga Kano suka karɓi aikin. Suka ce ya cika tsawaita rubutu, wai wane ne ba shi da waya a zamanin nan. Suka share duk inda ya tanadi abin yi in babu lamba, suka bi suka dasa alamar. Na yi magana, aka ce ƙauyanci ne ke damuna. Su ne kuma suka zo gaisuwa cikin manyan riguna suna yabon tsantseninsa. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

Bayan sadakar uku mahaifiyarsa, Inna Hajo, ta sa aka kira ni.

"Bello, ɗan nan, masu raba ruwa sun ce da an taɓa sunana abin nasu yake ɗaukewa. Tumatirina ya fara yaushi."

"Inna, kina da waya?"

"Me zan yi da ita? Nasiru ne ke zuwa da ƙafarsa ya gaya mini ranata."

Na kasa haɗa ido da ita.

Allah ya jiƙan Malam Nasiru, ya haskaka kabarinsa, ya raya 'ya'yan da ya bari. Allah ya ba Inna haƙuri, ya kuma ba ni ikon mayar da abin da suka share kafin gonarta ta bushe.