Talabijin ɗin da Babana Ya Juya wa Baya

Jiya da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida sai na ji wani shuuu daga ɗakin 'yata, irin ƙarar da talabijin ke yi idan tasha ta ɗauke. Na leƙa. Kwamfuta ce a cinyarta, tana wani wasa na gina gari: a haƙa rijiya, a ja hanya, a yi gona. Gaskiya ya fi min waɗanda ake ta harbe-harbe a ciki, ko da yake gonar da ba a sunkuya mata ban san abin da zan kira ta ba. Na tambaye ta wa ya ba ta.

"Kyauta ne, Umma. Mutane ne suka haɗu suka yi shi. Kowa zai iya ɗauka, wanda ya iya ma ya gyara ya ƙara nasa."

"To me suke so a wurinki?"

Ta yi dariya ta ce babu. Ban musa mata ba, ta fi ni karatu. Na koma kan shinkafata. Amma bari in gaya muku dalilin tambayar.

A wani ƙauye na taso, tsakanin Gubuchi da Makarfi. Gida ɗaya muke da yayan babana, wanda muke kira Baba Babba. Gandunsu ɗaya: fadamar rake, doki guda, injin matse rake, da babban kaskon ƙarfe na dafa mazarƙwaila. Idan ruwa ya ɗauke aka fara sara, dokin zai wuni yana zagaya injin, ƙamshin ruwan rake mai tafasa ya shiga har cikin zannuwanmu. Babana ke jan doki, Baba Babba ke kan wuta. Bayan la'asar kuma su zauna a zaure su ci abinci a kwano ɗaya. Ban taɓa ganin ɗaya ya ci ba tare da ɗaya ba.

A shekarar wani zaɓe, wani ɗan takara daga cikin gari ya aiko wa Baba Babba talabijin, saboda ana jin maganarsa a unguwa. Baƙi da fari ne, da batirin mota, wanda ake ɗaurewa a keke a kai Makarfi caji. Aka kafa eriya a kan doguwar gora, aka ɗora shi kan turmi a zaure. Mu yara muna ƙasa, mata suna leƙe ta ƙofar ciki. Kokawar Turawa, wasan kwaikwayo, wani lokaci fim ɗin Indiya. Kakarmu ba ta taɓa yarda da na Indiya ba. Takan ce, "Wannan yarinya ba ta da aiki a gidansu ne? Tun ɗazu take zagaya bishiya." Har yau idan na ga fina-finan da ake yi yanzu, waƙa ta fi labari tsawo, maganarta nake tunawa.

Babana ɗan ɗaya jam'iyyar ne. A wurinmu kuwa, a wancan lokaci, idan ka karɓi abin mutum ka ci, ka amsa masa ke nan, ko goro ne. Babana ya ce kallo ma ci ne. Idan ya kalli talabijin ɗin ɗan takara ya ci abinsa, ranar zaɓe kuma ba shi da bakin ƙin sa. Mu bai hana mu ba, ya ce yara ba su da ƙuri'a. Barin zauren kuma ba zai yiwu ba, don ƙane ba ya tashi ya bar yayansa da kwano. Sai ya samo dabara: ya juya tabarmarsa, ya ba talabijin baya, yana miƙo hannu gefe yana cin abinci. Idan aka yi shewa sai ya taɓo ni. "Ke, me ya faru? Ƙaton ya kayar da shi?" In ba shi labari, yana gyaɗa kai yana kallon bango. Baba Babba da kansa yakan yi dariya, ya ce, "Wuyanka zai gaji kafin batirin nan."

Da abin ya tsaya nan, da labarin dariya nake ba ku.

Wata rana ɗan takarar ya zo da mutanensa. Aka ajiye masa kujera daf da talabijin. Babana ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Da aka kunna, ya juya yadda ya saba. Bai lura ba cewa yanzu har baƙon ya juya wa baya.

Mutumin ya ce, "Malam, wuyan ne ke ciwo?"

"Lafiyarsa lau, ranka ya daɗe. Ƙuri'ata nake tsaro."

Zaure ya ɗauki dariya. Baba Babba bai yi ba. Bayan motoci sun tashi ya ce, "Ka kunyata ni a gaban baƙona."

"Yaya, ai ka san inda nake tun ba yau ba."

"To daga yau kowa ya san inda yake."

Kakarmu ta yi kuka, liman ya zo, mai unguwa ya zo. Ƙarshe dai aka raba gandu. Dattawa suka ga adalci shi ne kowa ya samu wani abu: doki ga babana, inji da kasko ga Baba Babba. Doki babu inji, inji babu doki. Raken shekarar ɗanye aka sayar da shi ga masu manyan motoci, kuma daga shekarar ba a sake dafa mazarƙwaila a gidanmu ba. Aka ja zana a tsakar gida, da damina ta wuce aka mai da ita katanga. Babana ya fasa wata ƙofar ta baya.

Ɗan takarar ya faɗi a akwatin zaɓenmu. Ba a yi sati biyu ba wasu samari suka zo suka ɗauke talabijin ɗin, suka bar gorar a tsaye. Daga baya kuma ɗan takarar ya koma jam'iyyar babana. A rediyo babana ya ji. Ya kashe rediyon, ya ɗauki fartanya ya fita. Mun zaci ranar tsakanin babana da Baba Babba wani zai zagaya wurin wani. Babu wanda ya zagaya. Haka aka yi ta gaisawa a masallaci kamar maƙwabta, har babana ya rasu.

Baba Babba yana nan, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun tafi. Bara na je gaishe shi daga Ikara inda nake aure. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Kin san ni ma ban zaɓi mutumin nan ba? Talabijin ɗin kawai nake so." Na gyara masa filo.

Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu ina karanta abin da ke jikin bango. Katangar nan da ta raba gidanmu, ɓarin da ya fito bakin hanya fastoci ne a kai, na wannan kan na wancan, wasu fuskokin ma iri ɗaya ne, alamar jam'iyya ce kawai ta canja. A talabijin ina ganin su suna zagin juna da safe, ranar Asabar suna rungume da juna a bikin 'ya'yansu. A ƙauyenmu kuwa har yau ƙofa biyu ce. Jikoki suna zagayawa ta waje in za su ari gishiri, kuma da na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, sai ta ce ai haka aka gina gidan.